Shirun Aji Shida a Kigali

Da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Litinin, a wurin binciken kaya na filin jirgin saman Kigali, mu uku ne a gaban tebur: ni, da Malama Rabi, da wani dogon jami'i mai farar safar hannu. Na riƙe lokacin daidai domin a nan na tura agogona gaba da awa ɗaya, kamar yadda aka ce mu yi. Akwatina a buɗe yake, jami'in yana ɗaga ƙulle-ƙullen da maiɗakina ta shirya mini ɗaya bayan ɗaya: kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli. Na zaci abincin ne ba su yarda da shi ba. Ashe ledar ce. Ba a shiga ƙasar da leda.

"Baba Malam, ka bar masa," in ji Malama Rabi ƙasa-ƙasa. "Dokarsu ce."

Na ce in dai doka ce ba ni da ta cewa. Ya ba mu 'yan jakunkunan takarda, muka juye komai a ciki, ya haɗa ledojin ya jefa a kwando, ya yi mana barka da zuwa.

Sunana Isiyaku. Shekara ashirin da bakwai ina koyarwa a firamaren wani ƙauye kusa da Taura, tara daga ciki ina hedimasta, kuma duk da haka ban saki lissafin aji shida ba. Karatuna bai wuce na horon malanta ba. Malama Rabi tana koyarwa a wata sakandare a Dutse, gidansu a Takur yake, kuma na kusa haifarta. Mu biyu aka turo kwas na mako uku kan yadda ake haɗa na'ura da darasi, yaro ya koyi wani abu a aji, wani kuma a waya ko kwamfuta.

Sharaɗin kwas ɗin ɗaya ne. A ƙarshe kowa zai gabatar da darasin da ya naɗa da kansa. Wanda ya ci, za a ba makarantarsa sola da kwamfutocin hannu. Wanda ya faɗi, ya koma gida da takardar shaidar halarta. Makarantarmu tana bukatar kayan, domin da kaka ta kama, rabin aji shida suna gona wajen yankan gero da riɗi, kuma kafin su dawo darasi ya yi musu nisa. Sannan an yi gunaguni a kan zaɓena. Mataimakina, Malam Nuhu, shi ne ya iya kwamfuta. Sunana aka sa domin ni ne babba. Bai ce komai ba sai, "Ranka ya daɗe, Allah ya sa ka dawo mana da sola." Wannan addu'ar ta fi akwatina nauyi.

Zango na farko: masauki da aji

Mu mutanen Jigawa muna ganin duwatsun Dutse sun isa a kira su tsayi. A Kigali, in ka gama hawan tudu, wani tudun ne yake jiranka, kuma har samansa gidaje ne. Na lura da abu uku a ranar farko. Na ɗaya, ban ga takarda ko ɗaya a kan titi ba. Na biyu, ɗan acaɓa ba ya ɗaukar mutum biyu, kuma sai ka sa hular kwano zai tashi. Na uku, a watan da mu ake ɗaure dami, su ruwan sama ake yi musu kusan kullum bayan azahar. Na tambayi mai gadin masauki yaushe suke shanya hatsi. Bai gane tambayar ba, ni ma ban gane amsarsa ba.

Abinci kuwa wake ne da dafaffiyar ayaba da dankali, safe da rana. Ba shi da laifi, sai dai ba ya zama a ciki. Yajin da na dogara da shi ya fasa jakar takardarsa a cikin akwati, ya shiga tsakanin shafukan littafin shirin darasina. Ranar farko a aji na buɗe littafin, malamai huɗu na ƙasashe uku suka kama atishawa. Malama Rabi ta sunkuyar da kai tana dariya. Na harare ta, ta ƙara.

Mai koyar da mu, Madam Kilodin, gajeriyar mace ce mai sanyin murya. Na zuba mata ido kwana biyu ina son in ga da me take riƙe aji, domin ba ta tsawa, ba ta buga tebur. Ban gano ba. Ta ba mu dokokin naɗar darasi uku, na rubuta su da jan biro. Darasi kada ya wuce minti biyar. Abu ɗaya tak za a koyar. Kada a bar shiru, domin yaron da waya take hannunsa, da ya ji shiru zai tafi wani abin.

Na ga dokokin da sauƙi, har aka sa ni a ɗakin naɗar murya. Ƙaramin ɗaki ne, an manna wa bangonsa soso, ba taga. Na zaɓi darasin kashi-kashi, wato rabi da kwata da sulusi, wanda ko daga barci aka tashe ni zan koyar.

Dole in bayyana yadda muke koyarwa, don wanda bai zauna a ajinmu ba. Malami yana ɗauko magana ya kai ta bakin ƙarshe, sai ya ɗaga murya ya tsaya, aji su ƙarasa. "Rabin kwano da rabin kwano, in aka haɗa, sun zama kwano...?" Aji su ce, "Ɗaya!" Ka ce, "Madalla. Kun gane?" Su ce, "Mun gane, Malam!" Haka aka koya mini, haka na koyar shekara ashirin da bakwai. To a ɗakin soso na kai magana bakin ƙarshe, na tsaya. Soso bai ce komai ba.

Madam Kilodin ta saurari abin da na naɗa, ta cire abin kunnenta.

"Mista Isiyaku, wa kake jira?"

"Aji."

"Ai babu aji."

"Shi ya sa na daɗe ina jira."

Ta yi murmushi, ta danna wani wuri a kwamfuta, duk shirun ya fita a lokaci ɗaya. Darasina na minti biyar ya koma bai kai uku ba. Da ta kunna, sai na ji kaina kamar mai tallan magani da lasifika a kasuwar Taura. Ta ce haka ya fi. Na ce to. Na shafe kwana shida ina koya wa bakina magana ba tsayawa, har na samu darasi ɗaya da ta ce ya kama hanya.

Zango na biyu: kasuwa

Wayata ta cika, aka ce in sayi memori. Na hau acaɓa ni kaɗai zuwa kasuwar kayan waya, domin ba na son kullum in zama kayan Malama Rabi. Wani mutum mai tsabtatacciyar riga da lakatayi ya hango hulata ya taso.

"Alhaji! Najeriya! Ɗan'uwa!" Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce yana da aboki a Kano. Na tambaye shi wace unguwa, ya ce babbar.

A nan ya kamata in tafi. Amma kwana tara ban ji wani ya kira sunan garin da na sani ba. Ya ɗauko memori a cikin kwalinsa, ya sa mini a waya da kansa, ya nuna mini ya hau. Na koma masauki na kwashe duk aikina na zuba a ciki, na goge na wayar don in samu wuri.

Ranar Alhamis ta mako na biyu na zo kunna darasin. Sunansa yana nan, tsawonsa yana nan, amma ba ya buɗewa. Malama Rabi ta gwada a kwamfutarta, ta juya memorin a tafin hannu.

"Baba Malam, wannan ai fanko ne. Suna kawai yake riƙewa. Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Ya ce yana da aboki a Kano."

"Innalillahi. Ni ma ina da ƙawa a Makka, ka ba ni kujerarka ta Hajji."

Na koma kasuwar. Mutumin yana nan da lakatayinsa. Ya dube ni, ya dubi memorin, ya ce bai taɓa ganina ba, kuma Turancinsa ya ƙare nan take. Na tsaya ina kallonsa, ba don fushi kaɗai ba. Ina mamaki ne yadda gari zai kori leda kakaf ya bar wannan. Mai turi na kasuwarmu, wanda yake zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori, ba zai yi mini haka ba, domin 'ya'yansa biyu sun bi ta hannuna.

Saura mako ɗaya gwaji. Lokacina na ɗakin soso ya ƙare, sauran ranakun duk an rubuta sunayen wasu. Malama Rabi ta kafa mini doka ta huɗu: duk abin da na naɗa daga yau, in tura wa wani a gida ya ajiye.

Zango na uku: shagon tela

Washegari Juma'a na bi wasu malamai Musulmi zuwa masallaci a wata unguwa da Musulmi suke da yawa. Ana sallamewa ruwa ya sauko. Na rabu da abokan tafiyata a cikin turmutsutsu, na fake a ƙofar wani shagon ɗinki. Mai shagon tsoho ne, gemunsa fari, tabarau a kan hanci. Ya yi mini alama in shigo.

Ba ya jin Turanci, ba na jin yarensu. Abin da muka haɗa shi ne sallama da alhamdulillahi. Ya nuna hulata, na miƙa masa. Ya juya cikinta waje, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, yana bin zaren da farce yana ƙirgawa. Ni kuma ina kallon yadda yake yanka riga ba tare da ya zana da alli ba. Ya zuba mini shayi mai madara da citta. Tun da na zo ƙasar, ranar ce cikina ya san an ba shi wani abu.

Da ruwa ya tsagaita na lura shagon shiru ne, ya fi masaukinmu. Na fito da waya, na nuna bakina, na nuna wayar, na ɗora yatsa a leɓe. Ya gane. Ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ya tura ƙofa, ya jawo kujera ya zauna a gabana, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar ɗan aji ɗaya.

Na koya wa dattijon nan rabi da kwata da sulusi da Hausa, ina nuna masa da kofin shayi. Da na samu fuska a gabana, duk abin da na koya wa bakina a kwana shida ya gudu. Na kai magana bakin ƙarshe na tsaya. Ya gyaɗa kai. Na ce, "Madalla." Na sake tsayawa, ya sake gyaɗawa. Tambaya goma sha ɗaya, shiru goma sha ɗaya. Na ce ba komai, zan roƙi Madam ta yanke su. Kafin in fita na tura wa Malam Nuhu, na rubuta masa: "Ajiye mini. Kada ka taɓa."

Zango na huɗu: ƙaramin tudu

Ya taɓa. Ranar Litinin da hantsi saƙon muryarsa ya shigo.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Yara sun dame ni da ina Hedimasta, ina Hedimasta. Sai na ce bari in jiyar da su muryarka. Na sa a 'yar lasifikata. Wallahi da ka ce musu salamu alaikum, miƙewa suka yi tsaye. Ga abin da na ɗauka, ka ji da kanka."

Na tsaya a ƙarƙashin baranda na saurara. Ga muryata daga shagon tela, ga aji shida suna cike kowane shiru. "Ɗaya!" "Huɗu!" "Mun gane, Malam!" A bayansu ina jin ƙarar bencin nan mai ƙafa uku, da akuyar maƙwabcin makaranta da na hana shiga fili ba sau ɗaya ba. Na shiga banɗaki na wanke fuska, sannan na nufi Madam Kilodin.

"Madam, ga wanda nake jira."

Ta sa a kwamfuta. A can murya tana fitowa kamar zanen tuddai: in an yi magana layi ya hau, in an yi shiru ya kwanta. Ta saurara har ƙarshe, Malama Rabi tana fassara mata.

"Na yarda," in ji ta. "Shirunka yana da aiki. Ban san ana koyarwa haka ba." Sai ta matso da fuska kusa da gilashin. "Amma wannan fa?"

Na duba. Gaban kowane babban tudu na amsar aji akwai wani ɗan ƙarami, kamar kunyar gero a gefen jigawa. Ta faɗaɗa shi, ta kunna shi shi kaɗai. Muryar yarinya ce, siririya, ta ce, "Ɗaya." Bayan ƙiftawar ido aji suka ce, "Ɗaya!" Ta je tambaya ta biyu. Haka. Ta uku. Haka. Har goma sha ɗaya.

Na san muryar. Sa'adatu ce, mai zama a bencin gaba ta hagu.

"Su nawa ne a ajin?"

"Malam Nuhu ya ce yau ashirin da shida."

"Ni mutum ɗaya na ji."

Raina ya ɓaci. Na ce mata wannan darasi tun aji biyar suka wuce shi, kuma ni na koya musu. Ba ta yi gardama ba.

"Mai yiwuwa ne," in ji ta. "Ni ma ina son in sani. Kai fa?"

Gaskiya ina so. Fushin yana nan, amma son sanin ya fi shi ƙarfi. Da la'asar na shiga ƙarƙashin matakala na naɗa sababbin tambayoyi biyar masu nauyin na farko, yadda na saba, na tura wa Malam Nuhu. Na ce gobe ya aiki Sa'adatu ofis ta jera littattafai, sannan ya kunna.

Talata amsa ta zo daga Malam Nuhu. Muka saurara mu uku, ni da Malama Rabi da Madam.

Muryata ta ce, "Ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu, wanne ya fi girma? Ɗaya bisa...?"

Shiru. Benci ya yi ƙara. Wani ya yi tari. Can daga baya wata murya ta ce, "Huɗu?" kamar mai tambayar hanya. Nan take aji gaba ɗaya suka ɗauka, "Huɗu!"

Sai muryata ta ce, "Madalla. Kun gane?"

"Mun gane, Malam!"

Amsar uku ce. Na naɗa madallar tun kafin in ji me za su ce. A tambaya biyar sun dace da ɗaya, kuma sau biyar na ce musu madalla. Na zauna ina tunanin sau nawa na yi haka ina tsaye a gabansu da raina, da alli a hannu.

Zango na biyar: gwaji

Da muka fito, Malama Rabi ta tare ni a kan matakala.

"Baba Malam, ka saurare ni. Jibi ka kunna musu na farkon kawai. Yara suna amsawa kamar an buga ganga, alƙalai za su tafa. Wa zai tsaya duban wani ƙaramin tudu? Madam ba ta cikin masu ba da maki."

"Na biyun fa?"

"Na biyun namu ne, mu gyara a gida. Sola muka zo nema, ba tonon asiri ba. Ka tuna su Malam Nuhu. In ka koma hannu biyu, ka san abin da za a ce a Taura."

Na sani. Kuma ba ƙarya ta ce in yi ba, na farkon ma gaskiya ne an yi shi. Amma na ga in na karɓi kaya da wannan faifan, abin da zan zuba a cikinsu shi ne darasin da mutum ɗaya take ganewa. Ranar Laraba na karkaɗe sauran yajin daga littafina, na rubuta sabon shiri, mataki huɗu. Na koma shagon tela na sake naɗar darasin. Dattijon ya sake zama ɗalibi. Da zan tafi na cire hular na ajiye masa a kan keke. Ya ƙi, na ƙi, ya rungume ta a ƙirji. Na koma masauki da kai a buɗe, abin da ban yi ba tun ina saurayi.

Alhamis da ƙarfe tara da rabi aka kira ni. Alƙalai uku ne, mata biyu da wani dattijo mai sanƙo. Minti goma aka ba kowa. Malama Rabi ta tsaya gefena don fassara, fuskarta a ɗaure.

Na kunna na farko. Suka yi murmushi, ɗaya ta fara rubutu. Na ce su dakata, na kunna na biyu. Da aka zo wurin madalla, mai sanƙo ya fashe da dariya, sai kuma ya daina, ya cire tabarau ya riƙe.

Na karanta matakaina. Na ɗaya, darasi zai zo da shirunsa, tsawon ƙirga goma, amma bayan shirun ba madalla, sai amsa da dalilinta. Na biyu, ranar kasuwa za a kai wa mai turi ya zuba wa iyaye a memori, tunda ko ƙaramar waya tana ɗauka, yaro ya ji shi kaɗai a gida ko a bakin gona, inda babu Sa'adatu. Na uku, a aji ba mai amsawa da baki. Kowa ya rubuta a takarda, in na ce a ɗaga, a ɗaga tare. Na huɗu, waɗanda suka kuskure su ne za su zauna da kwamfutocin hannu su sake ji, ni kuma in zagaya.

Sannan na kunna sabon darasin. Shirun farko ya zo. Ƙirga goma a ɗakin da alƙalai suke yana da tsawo. Na ji ruwan sama ya fara a kan rufi.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ka san ka karya doka ta uku?"

"Na sani."

"Ka kuma wuce lokaci da minti ɗaya."

"Da minti ɗaya da rabi," na ce, domin agogona yana hannuna.

Mai sanƙo ya tambaya ko na san tun da cewa yarinya ɗaya ce take jan ajin. Na ce shekaranjiya na sani. Ya ce ya koyar shekara talatin a ƙasarsu, kuma yanzu yana ƙoƙarin tuna wa yake zama a bencin gaba ta hagu.

Washegari aka manna sakamako. Malama Rabi tana can sama. Na fara duba nawa daga ƙasa, ban daɗe ina nema ba. Ina saman jan layin da ya raba waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, da suna biyu. Madam Kilodin ta zo ta tsaya kusa da ni.

"A gyaran sauti kai ne na ƙarshe."

"Na sani, Madam."

"Ana jin keken ɗinkin maƙwabci a bayan muryarka."

"Na ji shi."

"Sola taku ce."

Malama Rabi ta ce, "Baba Malam, ka kusa kashe ni da hawan jini a ƙasar mutane." Na ce ta gyara tsayuwarta, ana kallonmu.

Zango na ƙarshe: gida

Kayan sun ɗauki watanni kafin su iso. Malam Nuhu ne yake kula da su, ni ba na taɓawa sai yana wurin. Na faɗa masa a gaban malamai cewa shi ya cancanci tafiyar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da ni na je, da tun ranar farko na yanke shirun, na dawo da maki mai kyau." Ba duk iyaye ne suka yarda a taɓa musu memori ba, kuma har yanzu akwai yaran da ɗaya bisa huɗu ya fi musu girma. Amma yanzu na san sunayensu.

Abin da ya rage shi ne ranar da na koma aji. Bayan an tashi na tsayar da Sa'adatu a bakin ƙofa, Malam Nuhu yana tsaye. Na tambaye ta ko ta san ita ake jira.

Ta dubi ƙasa. "Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun aji huɗu."

"Me ya sa ba kya yin shiru su gwada?"

"Malam, in aka yi shiru kai kake sa mu durƙuso gaba ɗaya a rana. Shi ne suka ce in riƙa faɗa da wuri. Ran da ba ni da lafiya ma sai sun biyo mini gida."

Na sallame ta. Malam Nuhu ya yi kamar yana gyaran waya. Na je har Kigali neman abin da ya hana yarana ganewa, ashe ni na kafa dokar da hannuna. Tun ranar ba a sake durƙuso a kan shiru ba a makarantarmu.

Mai karatu, in kai malami ne, ko kana da ɗa ko 'ya a makaranta, ina roƙonka abu ɗaya, kuma ka bi shi a jere. Yau ka kira yaron shi kaɗai, inda ba wanda zai ja masa baki. Ka yi masa tambaya ɗaya daga darasin da ya ce ya gane. Ka yi shiru, ka ƙirga goma a zuciyarka, kada ka taimake shi. In ya kasa, kada ka doke shi. Kuma don Allah kada ka ce madalla sai ka ji abin da ya faɗa.